Rautar Gidan Alhaji Ummaru

Ranar Laraba ce, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ana tsakiyar cirar albasa. Mu uku ne a zauren Alhaji Ummaru da ke Aliero: ni, da shi maigidan, da babban ɗansa Sanusi, saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya jingina da bango yana danna waya. A tsakaninmu, bisa tabarma, an ajiye rauta, wato ɗan farin akwatin nan mai ƙaho biyu da ake sa wa layin waya ya raba intanet ga mutanen gida. Alhaji ne ya fizgo ta daga bango da hannunsa, har ƙusar da aka rataye ta a kai ta biyo ta.

"Malam Bawa, ga ta nan," in ji shi. "Ko dai ka ruhe raye-rayen da ke cikinta, ko ko in jefa ta rijiya. Ɗiyana maza huɗu, babu mai hita fadama sai rana ta take. Jiya injin ban-ruwa yini ya yi shiru, wanga ƙato shina nan zamne shina kallon wata tana juya jiki."

"Baba, labarai nike dubawa," in ji Sanusi.

"Labarai da ɗankwali ɗaure ga ƙugu? Ruhe mani baki."

Sai wata murya ta yi sallama daga bayan ƙyauren cikin gida, ta gaishe ni, sa'an nan ta ce, "Baba, don Allah kada a jefa ta." Asma'u ce, 'yar Alhaji. Saura mako shida ta zauna jarrabawar shiga makarantar gaba, jarrabawar kuwa yanzu a kwamfuta ake yin ta, agogo yana ƙirga wa mutum lokaci a gaban idonsa. Dominta aka sayi rautar tun farko, da ita take samun tambayoyin gwaji a wata tsohuwar kwamfuta da kawunta ya ba ta. Alhaji kuma ya riga ya yanke cewa 'yarsa ba za ta je shagon intanet ta zauna cikin samari ba. Saboda haka ranar da akwatin ya bar gidan, ranar ce gwajinta ya tsaya. Na roƙi Alhaji ya ba ni aikin. Ya ce ya ba ni, amma in sani haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

Na zaɓi in ba ku labarin wannan aiki ne, ku samarin da kuke zuwa shagona a Sabon Garin Jega kuna neman in koya muku sana'a a kwana biyu, domin na ji ɗayanku yana cewa rufe dandalin sada zumunta a rauta ai danna maɓalli uku ne. Maɓallan kam ba su fi haka ba. Amma sau uku na hau babur zuwa Aliero kafin aikin ya tsaya da ƙafarsa, kuma kuskure biyu da aka yi a ciki duk nawa ne, ni da na haura shekara hamsin ina riƙe da sukurdireba.

Aikin farko da aka taɓa bari na sa wa hannu rediyon wani mahauci ne. Na fito daga makarantar mishan a ƙasar Zuru, inda shugaban makaranta yake yage shafi sukutum saboda ɗigon tawada guda, ya sa ka sake daga layin farko. Na zaci na san tsanani, sai aka kawo ni Jega wurin maigidana, marigayi Malam Audu mai gyaran rediyo. Wata uku ban taɓa cikin rediyo ba. Aikina shara, da hura gawayin da ake zafafa ƙarfen narka darma, da ware ƙusoshi ƙanana da manya a gwangwanayen madara. Ranar da ya miƙo mini rediyon mahaucin, na gano wayar da ta tsinke, na liƙe ta, rediyo ya yi magana, na rufe na miƙa ina jiran yabo. Malam Audu bai dubi rediyon ba, tabarma ya duba. Ƙusa ɗaya ta rage. Ya sa na kwance komai na sake ɗaurawa, mahaucin yana tsaye yana cewa ai yana magana, a ba shi abinsa. Maigidana ya ce masa ya dawo gobe. A wurinsa na ɗauki al'adar rubuta kowane aiki a littafi: abin da mai kaya ya nema, abin da na tarar, abin da na yi, da abin da na gwada kafin in miƙa.

Daga rediyo na koma aikin layin tarho, ina hawa turke da bel a ƙugu. Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da wayar hannu ta cika kasuwa. Tarhon igiya ya mutu, turakan suka zama wurin shanya. A lokaci guda kuma aka kawo ƙananan rediyo waɗanda in sun lalace sai dai a jefar. Daga damina zuwa damina na buɗe shago kullum ƙarfe bakwai, na share, na zauna, na rufe. Abin da ya riƙe gidana a shekarar shi ne gyaran tocila, da bin masu fadama zuwa wajen Maiyama ina duba musu wutar injin ban-ruwa. Da shekarar ta zagayo, na ɗauki littafi sabo na tafi wani shagon intanet a Aliero, na roƙi mai shagon, wanda ɗana na biyu ya girme shi, ya koya mini. Na zauna a benci ɗaya da ɗalibai, suna dariyar tsoho mai ja wa kowane darasi layi da rula. Wata takwas na yi. Ban taɓa tashi daga bencin da abin da ban fahimta ba. In ban gane ba, sai a maimaita, ko da mai koyarwar yana tsaki.

Kayan da na shimfiɗa a zauren Alhaji a ranar Larabar nan su ne kayana har yau. Ƙaramar kwamfuta. Igiyar da ke haɗa ta da rauta kai-tsaye, domin ba na canza saitin na'ura ta iska, kada ta yanke da ni a tsakiyar aiki. Tsinken ƙarfe siriri. Guntun jan kyandir da ashana. Littafi, rula, biro baƙi da biro ja. Sai wata tsohuwar waya da ba na kira da ita, wadda na zuba wa duk dandalin da samari ke bi, domin ba za ka ce ka rufe ƙofar da ba ka taɓa turawa ba. Ba zan ambaci sunayensu ba, kun fi ni saninsu. Abin da zan ce kawai shi ne, saboda wannan waya na ga rawar da ban nema ba fiye da yadda ya dace da mai shekaruna.

Abu na farko da ya kamata ku sani: rauta kalmar sirri biyu gare ta. Akwai wadda kowa yake sawa a wayarsa ya samu intanet. Akwai kuma ta shiga wurin da ake ba na'urar umarni, wadda ni nake kira mabuɗi. Masu ƙera ta suna buga mabuɗin a ƙarƙashinta, kuma da wuya ka shiga gidan da aka taɓa canza shi. Duk wanda ya kifa akwatin ya karanta, ya zama maigida. Saboda haka da shi na fara.

Abu na biyu: dandali ba adireshi ɗaya gare shi ba. Rubutu ta wata hanya yake zuwa, hoto ta wata, bidiyo ta wata dabam. Mai gaggawa sai ya rubuta sunan dandalin a jerin abubuwan da aka hana, ya gwada sau ɗaya, ya ga ya ƙi buɗewa, ya tattara kayansa. Kafin ya kai bakin titi manhajar ta zagaya ta baya ta shigo. Ni kuwa sai na buɗe kowace manhaja a wayar gwaji, in duba rajistar rautar in ga adireshin da ta nema, in rubuta a littafi, in hana, in sake buɗewa in ga inda za ta bi kuma. Shafi biyu da rabi na cika. Sanusi yana tsaye a kaina tun daga farko har ƙarshe.

"Baba Bawa, wanga aiki duk don a hana mu dariya?"

"Matsa, kana tare mini haske," na ce.

Abu na uku: a bayan rauta akwai wani ɗan rami kamar na allura. In aka sa tsinke aka danna, komai ya goge, ta koma yadda ta fito daga kwali. Tsinken tsintsiya ma ya isa. Na ɗiga jan kyandir a ramin, na danna babban yatsana a kai kafin ya daskare, yadda in an taɓa zan sani. Sa'an nan na yanki farin kati, na ja layi biyu da rula, na rubuta kalmar shiga intanet a layin sama, mabuɗi a layin ƙasa, na ja masa jan layi. Na miƙa wa Alhaji, na ce ya adana. Ya sa a aljihun gaban rigarsa. Na gwada dandalin ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya buɗe. Asma'u ta ce daga bayan ƙyaure tambayoyinta suna fitowa. Na buga sabuwar ƙusa, na rataye rautar, na kama hanyar Jega kafin magariba.

Ranar Asabar, ƙarfe tara da minti goma na safe, ina cikin duba wata caja, sai ga Alhaji Ummaru ya sauko daga babur a ƙofar shagona, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Malam, mi na yi maka? Na ce ka ruhe ma yara rawa, kai ko ka ruhe mani kasuwa!"

Ga abin da ya faru. Alhaji ba ya karatun boko, saboda haka cinikinsa duka da saƙon murya yake tafiya. Dillalinsa na kudu yakan aiko masa da murya da sassafe, ya faɗa masa yadda kasuwa ta kwana, direba kuma ya aiko da hoton kaya. Sabis ɗin wayarsa a cikin gidan ba shi da ƙarfi, da rautar yake jin saƙonninsa. Tun daga yammacin Laraba saƙon yakan nuna ya iso, amma in ya danna sai ɗan da'irar nan ta yi ta juyawa. Ya ɗauka matsalar sabis ce, za ta wuce. A cikin saƙonnin da bai ji ba akwai wanda dillalin yake cewa ya dakatar da lodi, kasuwa ta cika maƙil. Shi dillali ya ga alamar isarwa, ya ɗauka an ji. Alhaji ya loda mota guda ya sallame ta. Sai da ta yi nisa suka yi magana baki da baki. Albasa kuwa ba ta jira a zafin kudu mai laima.

Ban nemi uzuri ba, domin babu. Manhajar saƙon murya da dandalin hotuna mai su ɗaya ne, kuma akwai rumbun da suke tarayya a kansa. Da na hana adireshin rumbun saboda hotunan, sai na haɗa da muryar dillali. Na gwada duk abin da aka ce in rufe na tabbatar ya rufu, amma ban gwada abin da ya kamata ya zauna a buɗe ba. Ban ma tambayi mai gidan da wace hanya yake cin abinci ba. Na hau bayan babur ɗin da ya kawo shi, muka koma Aliero, na ware adireshin saƙo daga na dandali ɗaya bayan ɗaya, muryoyin kwana uku suka zubo a jere. Alhaji ya saurare su duka a tsaye. A ranar na ƙara layi na biyar a littafina: abin da ba a so a taɓa.

Da zan tafi ya ce, "Don yarinyar ga na ƙyale. In ta sake, ba ni kiranka."

Ya kira ni kuwa, kwana tara bayan nan, ranar Litinin da hantsi, amma ba don gyara ba. Ya ce in zo in ɗauki igiyar wutar da na ƙara masa, ita ce tawa, sauran ya san inda zai kai shi. Na isa ƙarfe goma sha ɗaya daidai. Na tarar da rautar a cikin buhun albasa a gefen ƙafarsa, Sanusi yana tsugune a bakin ƙofa. Da safen nan Alhaji ya bi ta ɗakin samarin ya ji kiɗa yana tashi, ya leƙa ya ga su huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya.

Na nemi izni na ciro ta na kifa. Jan kyandir yana nan, zanen yatsana yana kai. Ba a danna ramin ba ke nan. Na haɗa igiya na sa mabuɗina, ya ƙi shiga. An canza shi.

"Alhaji, wa ya ga katin da na ba ka?"

"Babu kowa. Ga shi nan ga aljihuna, ko wanki ban bari an yi da shi ba." Ya ciro ya nuna mini. "Sai dai ran Juma'a, da baƙona na garin Giwa Tazo ya zo, mai kawo mani iri. Ya ce in ba shi lambar intanet shi aika saƙo gida. Baƙo ya roƙi abu cikin zaurena, in ce mashi a'a? Ni ko ban karanta wanga rubutu. Sai na ba Sanusi shi karanta mashi."

Na dubi Sanusi. Bai ko sunkuyar da kai ba.

"Baba na ya ce in karanta, na ko karanta," in ji shi. "Rubutunka akwai kyau, Baba Bawa. Ga jan layi ma ka ja, don kada mutum shi ɓace."

Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko muni. Na rubuta mabuɗi da rubutun da mai gidan ba ya karantawa, a gidan da masu iya karanta shi su ne waɗanda aka kulle dominsu. Na kuma haɗa shi a kati ɗaya da kalmar da dole wata rana baƙo ya nema, a garin da ba a cewa baƙo babu. Katin ya yi tsabta, shugaban makarantarmu da ya gani da ya sa mini hannu. Amma ban yi tunanin aljihun da zai shiga ba.

Alhaji ya karɓi rautar ya mayar cikin buhu, ya miƙe. Na ce ya ba ni zuwa la'asar. Ya ce sau biyu ya ba ni, mota guda ta tafi a na farko. Na tsaya a gaban ƙofar cikin gida da jakata a hannu, na sake roƙo, ya ce in kauce. Ana haka sai ƙyauren ya buɗe ta bayana, aka ji ƙarar sanda a ƙasa. Inna ce, mahaifiyar Alhaji, tsohuwa tukuf amma idonta garau. Asma'u ce ta je ta taso ta. Da yake Alhaji ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa.

"Mi a ka yi ma hayaniya tun ɗazu? Kai wancan, aje buhun ga."

Ya ajiye. Mutumin da ya ƙi sauraron roƙona sau biyu, kalma biyar suka ishe shi. A nan na ga abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, in na ba ki takarda, za ki iya ajiye ta yadda babu mai gani?"

"Mai waya, takardar gonar uban wancan tana wurina tun ba a haihi wanga mijin nawa marar kunya ba." Ta nuna Sanusi da sanda. "Shi kanshi wancan sau ɗaya ya gan ta."

"Haba Inna, ni da ke ba mu haka," in ji Sanusi. "Amaryata guda."

"Miji da ba shi noma, mi za ni yi da shi? Na sake ka tun bara."

Har Alhaji sai da ya kau da kai yana danne dariya. Inna ta ce a ba ni zuwa la'asar, ta sa aka shimfiɗa mata buzu a zauren, ta zauna ta ga aikin da idonta.

Na ɓalle kyandir ɗina da hannuna, na sa tsinke na danna, aikin kwana biyu ya goge. A wannan karon na juya tsarin. Maimakon in bar komai a buɗe ina bin dandali ina toshewa, sai na rufe duka, sa'an nan na buɗe abin da gidan yake bukata kaɗai. Ba kowace rauta ce take yarda da haka ba, ta Alhaji ta yarda. Wannan hanya ta fi wuya, domin dole ka tambayi kowa. Na fara da Alhaji: saƙon murya da hoton kaya. Asma'u ta faɗo mini shafukanta huɗu daga bayan ƙyaure, harafi bayan harafi, ina maimaitawa tana tabbatarwa. Inna ta ce a bar mata inda ake sa mata karatun tafsiri. Na juya ga Sanusi na ce ya faɗi nasa. Ya zaci ba'a nake yi. Da ya ga biro a hannuna, ya ce sakamakon ƙwallo. Na nemo masa shafi ɗaya mai rubutu zalla na buɗe. Wanda ka rufe wa komai ba ya daina neman hanya.

Kalmar shiga intanet kuwa na ce a kawo alli, na rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon zaure, yadda baƙon Giwa Tazo da duk wani baƙo zai karanta ko a karanta masa ba tare da an taɓa aljihun kowa ba. Sabon mabuɗi na rubuta shi a takarda dabam, na juya wa Sanusi baya ina rubutawa, na sa a ambulan, na liƙe da jan kyandir, na miƙa wa Inna da hannu biyu. Ta ƙulle shi a bakin zanenta.

"To ni hwa?" in ji Alhaji. "Gidana na."

"Alhaji, kai ba ka iya hana baƙo, kuma ba ka iya karantawa sai an karanta maka. In ana bukatarsa, ni za a kira, Inna ta kawo."

"Ko kai ka zo ba ni ba ka," in ji Inna, tana duban ɗanta. Maganar ta ƙare a nan.

Saura ramin tsinke. Muddin rautar tana zaure, kyandir shaida ce kawai, ba tsaro ba. Na ce a mayar da ita ɗakin Inna. Ni ba na shiga cikin gidan mutane, saboda haka Asma'u ce ta ɗauke ta ta shiga, ni kuma na zauna a zaure da wayar gwaji ina duban ƙarfin sabis, muna magana da ɗaga murya. Da farko ta ɗora ta bisa jeren kwanukan Inna, sabis ya faɗi warwas, domin ƙarfe yana tare shi. Na ce ta sauke. Ta sa bisa akwatin ƙarfe, haka nan. Na ce ta nemi wuri sama da kanta, kusa da taga, nesa da duk abin da ke ƙara in an buga.

"Baba Bawa, nan fa?"

"Matsa da ita kamu ɗaya wajen gabas. Miƙar da ƙahon hagu. Tsaya nan. Kada ki ƙara."

Minti arba'in muka yi a kan wurin ƙusa ɗaya. Alhaji ya shiga ya buga ta da kansa, ya ja igiyar wuta daga batirin sola. Sa'an nan na yi gwaji iri biyu. Na bi dandalin ɗaya bayan ɗaya, duk a rufe. Na kunna manhajar nan da samari ke sawa don su zagaye shinge, ta yi ta nema ba ta samu hanya ba. Na sa Asma'u ta buɗe shafukanta huɗu ta amsa tambaya ɗaya a kowanne. Na sa Alhaji ya aika wa dillalinsa murya, na ce ba zan tashi ba sai amsa ta dawo. Muka zauna jira har aka kira sallar la'asar. Da muka dawo daga masallaci amsar ta iso, ya danna, muryar dillali ta cika zauren yana tambayar yaushe mota ta gaba za ta taso.

Ina naɗe igiyata Sanusi ya matso ya rage murya. "Baba, in na sayi data ga layina hwa? Nan ma kana iya ruhewa?"

"Ba na iyawa," na ce. "Rautar mahaifinka aka ba ni. Abin da ka saya da guminka ba aikina ba ne."

Ku riƙe wannan amsa, domin za ku haɗu da masu gida da za su so ku yi musu alkawarin abin da ba ya hannunku. Ku faɗa musu iyakar aikin tun kafin ku buɗe jaka. Na faɗa wa Alhaji a gaban ɗansa, ya ji.

Daga ranar, kowace Laraba nakan biya ta gidan ba tare da an kira ni ba, in zauna a zaure in yi gwajina iri biyu, in rubuta a littafi. Inna takan fito ta ba ni rahoto. A mako na biyu Sanusi ya kai mata goro fari. A na uku ya kai tsire mai zafi, ya zauna yana yi mata fifita yana tambayar ko ambulan ɗin bai dame ta a zane ba. Ta ce ta ci tsiren, ta sa masa albarka, ta ce ya ja mata ƙofa in zai fita.

Ba a sake buɗe rautar ba har ranar jarrabawa. Asma'u ta zauna, ta ci, yanzu tana karatun aikin jinya.